Gidan da Pak Long Ya Gina da Hannunsa

Zan fara da waɗanda suke wurin a ranar, don kada gobe wanda ba ya nan ya ba ku labari ku ɗauka. Akwai ni. Akwai babanku, wanda ba na kama sunansa tunda shi ne na fari, Dakta nake ce masa. Akwai mamanku Nurul. Akwai Pak Long, yayan mahaifinta, wanda ya riƙe ta tun tana marainiya kuma ya ba da aurenta, yana zaune a keken marasa lafiya, matarsa Mak Long tana tsaye a bayansa. Akwai Malam Bashir, abokin babanku, Bazazzagin nan mai karatun lauya. Sai injiniya, Mista Tan, da leburorinsa waɗanda ban san sunansu ba. Ku kuna makaranta. Daga Kano kuwa babu ko mutum ɗaya, amma yau su suka fi kowa sanin abin da ya faru. Na ji abin da aka zuba muku a kunne da kuka je hutu, wai dangin uwarku sun haɗa baki sun cinye gidan Hajiya. Kun dawo kuna yi wa Mak Long gaisuwar tsaye, kuna tsammanin ban lura ba. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, amma abin da idona ya gani shi zan faɗa, ba ƙari ba ragi.

Gidan nawa da ake magana a kai yana Kurna. Kakanku Malam Sale, Allah ya jiƙansa, ba magini ba ne, tela ne, amma shi ya tsaya a kan ginin tun daga harsashi. In ya samu ɗinkin Sallah ya sayi bulo, in na sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli in sayi siminti, a ɗora 'yan layuka a tsaya sai wata shekara. Ɗakuna ne uku da zaure da rijiya. A can na koyi abin da duk matar Kano ta sani, cewa in za ki sayi gida ki fara tambayar wanda ya gina. In masu ginawa don sayarwa ne, ki gudu, sun yi ƙwauron siminti sun rufe da fenti. In mai gidan ne ya gina don ya kwana a ciki da 'ya'yansa, ki rufe ido ki saya, don mutum ba ya yi wa kansa algus. Har yanzu da nake wannan magana ban canza ra'ayi ba.

Bayan rasuwar Malam, Dakta ya ɗauko ni ya kawo ni Kuala Lumpur a duba mini gwiwa, wai in na ji sauƙi in koma. Komawar da ban yi ba ke nan. A Setapak muke, a wannan benen da kuke ciki, can sama inda in na leƙa taga mutane suke zama kamar tururuwa. Ku da aka haifa a nan ba ku san abin da ke damun wanda ya tashi a ƙasa ba. Ba inda zan zubar da ruwan alwala ya shige ƙasa, ba inda zan shimfiɗa tabarma in ga sama. Ranar da lif ta lalace, ni da fursuna ba bambanci, sai dai shi an faɗa masa ranar fita. Na sha yini a baranda tsakanin kayan shanya ina kallon jirgin ƙasan nan na sama yana wucewa, ina cewa a raina ba komai, Kurna tana nan, duk ranar da na gaji zan ce a saya mini tikiti. 'Yan haya ne a ciki, amma nawa ne, ina da inda zan koma. Da wannan nake iya haƙuri da benen.

Gidan Pak Long yana bayan Taman Melati, ta wajen dutse. Shi tsohon kafinta ne kuma magini, ya yi wa kamfanoni aiki har ƙarfinsa ya fara ja baya, sannan ya zo filinsa ya gina nasa da hannunsa, shi da 'ya'yansa maza da duk maƙwabcin da ya samu sarari. Ba bene ba ne. Baranda mai faɗi, bishiyar mangwaro, kaji suna yawo, ƙasa ja a tsakar gida. Ranar da aka fara kai ni gaisuwar Sallah, ina sauka daga mota na cire takalmi na taka ƙasar nan, Mak Long tana dariya tana nuna mini inda ake ajiye takalmi, ta ɗauka ban sani ba ne. Na zagaya gidan kamar yadda na saba. Na ƙwanƙwasa bango, na duba saman ƙofofi, na leƙa inda ruwan sama ke sauka, garin da ake ruwa kusan kullum amma ko alamar danshi babu. Pak Long yana bina a baya da hannuwansa a baya. Da muka zo wajen babban ginshiƙin baranda ya buga shi da tafin hannu ya yi magana, mamanku ta fassara mini da Hausarta ta kicin.

"Yana cewa, Hajah, in wannan ya tsage, ki zo ki kama shi."

"Ce masa na ji. Ce masa ƙofar banɗaki ce kawai ta yi gajarta."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce ai daidai tsawon matarsa ya auna.

Shekarar da nake ba ku labari, ciwon ƙoda ya kama Mak Long, sai an riƙa kai ta wankin ƙoda, kuma asibitin yana da nisa. Pak Long ya yanke shawarar ya sayar da gidan su koma ɗan ƙaramin wuri kusa da asibiti, ya ce kuma ya fi son ya faɗa hannun na gida. Akwai wani ɗaki kusa da kicin wanda ƙofarsa ke buɗewa tsakar gida. Duk wanda ya gan ni a bakin ƙofar nan ya san abin da ke raina. Dakta ya yi mini bayanin yadda ake yi a nan. Da sunan mamanku za a saya, don doka ba ta yarda baƙo ya mallaki irin wannan wuri ba. Banki ne zai biya mafi yawan kuɗin, ya riƙe gidan jingina, su kuma su riƙa biya wata-wata. Amma kafin banki ya motsa sai an ba da kafin alƙalami, kashi ɗaya cikin goma, ga na lauya ga na gwamnati. Dakta ba shi da su. Bai roƙe ni ba, kada wani ya ce muku ya roƙa. Ni na kira shi na ce a sayar da Kurna. Ƙanwata Ladi ta bugo waya tana ihu.

"Yaya, kin haukace? Gidan Malam za ki sayar ki kai wa masu cin shinkafa da safe?"

"Ke da ba ya cikin gadonki, me ya dame ki?"

"In suka kore ki fa, ina za ki?"

"Ɗaki a ƙasa nake nema, Ladi. Ke ba ki taɓa kwana a sama ba."

Aka sayar, aka raba wa sauran magada nasu, kasona da na Dakta aka canza suka zo. Kuɗin da ya cika baki a Kano, da ya iso nan sai ya zama ɗan mitsitsi, amma ya isa kafin alƙalami har da 'yar saura.

Ranar ciniki a falon Pak Long aka zauna, a ƙasa, Mak Long ta cika tabarma da abinci. Kafin a sa hannu na ga Malam Bashir ya ja Dakta baranda. Ni kuma ina kusa da taga, kunnena lafiya lau yake.

"Dakta, layi ɗaya ne fa kawai a cikin agirimen ɗin. In banki ya ƙi, a dawo da kuɗin. Kowa haka yake yi a garin nan, ba zagi ba ne."

"Mutumin da ya ba ni 'ya bai ce in sa hannu cewa zan riƙe ta amana ba. Ni zan dube shi in ce ya rubuta mini ba zai cinye kuɗina ba?"

"Ba shi ake tsoro ba, banki ake tsoro. Ka ma tambaye shi takardun ginin?"

"Kai ka taɓa tambayar surukinka takarda?"

"Ni surukina ba ya sayar mini da gida."

Da ya ga ba ci gaba sai ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya, ki sa baki mana, kuɗinki ne." Na ce masa yaron da na rena ba ya ɗaga ido a gaban suruki, balle ya kafa masa sharaɗi. Haka muka taso, haka na koya masa, kuma ko yau ba zan ce muku na koya masa mugun abu ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne mutanen nan ma suna da kunya, har ta so ta fi tamu. Daga baya Mak Long ta faɗa wa mamanku cewa Pak Long ya so ya ce shi fa ba shi da wata takarda sai ta fili, amma ya ji nauyi. Ya ga surukinsa dakta ne mai koyarwa a kwaleji, ga kuma lauya ya zo da shi, in ya buɗa baki kamar yana koya musu aikinsu ne. Shi kuma Dakta yana ganin tsohon da ya ƙare rayuwarsa a gini ba zai rasa takardun gidansa ba. Kowa ya sunkuyar da kai don girmama ɗan'uwansa. Aka sa hannu, aka shafa Fatiha, aka ci abinci. A takardar an rubuta wa'adin da za a cika sauran kuɗin, in ya wuce kafin alƙalami ya zama na mai gida. Ba a daɗe ba kuɗin suka tafi inda aka nufe su da su, wani kaso wurin da za su koma, wani kaso asibiti.

Banki ya aiko mai kimanta gida. Yaro ne mai ladabi, ya cire takalmi, ya ɗauki hotuna, ya sha shayi, ya yaba mangwaro. Bayan 'yan kwanaki Dakta ya dawo daga aiki, aka ajiye masa abinci bai taɓa ba. Na kore ku ɗaki na ce ya faɗa mini.

"Hajiya, sun ce ba su ga garanti ba."

"Garantin me? Rediyo ne?"

"Na gini. In kamfani ya gina gida, akwai injiniyan da ke sa hannu cewa ya ga harsashi, ya ga rodi, an yi yadda aka zana. Kamfanin kuma ya ɗauki alkawari a rubuce, in ya tsage ko ya nutse shi zai gyara. Wannan kuwa ba zane, ba sa hannu, ba kowa a bayansa."

"Ba kowa? To ba ga wanda ya gina ba da ransa? A kai su su gan shi."

"Sun ce mutum ba garanti ba ne. Mutum yana mutuwa."

"Kamfani ba ya mutuwa?"

"Yana mutuwa. Amma takardarsa tana nan."

Na san jingina tun ta gona. Mai karɓar jingina ba fuskarka yake kallo ba, abin da ka ajiye yake kallo, in ka kasa biya zai iya sayarwa ko ba zai iya ba. Wannan na gane. Abin da ya ƙi shiga kaina shi ne a ce gidajen kamfanin nan da ake jerawa kamar kwalin ashana, waɗanda maƙwabci in ya yi tari kana ji, su ne banki ke rububi, wanda mutum ya gina don jikokinsa kuma shi ne abin tsoro. Daga wannan banki aka tafi wancan, har wanda ake ce masa na Musulunci, na ɗauka can za a ji maganar amana. Amsa ɗaya ce. Pak Long da kansa ya sa hularsa ta zuwa masallaci ya je bankin, ya ce su rubuta sunansa, duk abin da ya samu ginin muddin yana numfashi shi zai gyara kyauta. Mamanku ta ce wata yarinya ce ta karɓe shi, ta ba shi kujera, ta kawo masa ruwa, ta saurare shi har ya gama, sannan ta raka shi bakin ƙofa.

Watannin nan gidanmu ya koma kamar gidan makoki. Kun tuna lokacin da babanku ya daina kai ku cin gurasar roti a shagon abincin mamak ranar Asabar? Lokacin ne. Mamanku tana wanke kwanon da ta riga ta wanke. In waya ta yi ƙara kowa ya tsaya cak. Ladi kuwa ba ta fasa bugowa ba, kullum tambayarta ɗaya, an tare? Ina ce mata ana fenti.

Daga ƙarshe wani banki ya ɗan buɗa ƙofa. Suka ce a kawo injiniya ya binciki ginin ya sa hannu, in kamfanin inshora ya yarda ya tsaya wa ginin a kan wannan sa hannun, za su sake dubawa. Haka aka samo Mista Tan. Tun zuwansa na farko ya faɗi abin da ke damunsa. Ya ce yankin nan a da haƙar kuza ake yi, kamar Jos, akwai tsofaffin ramuka da aka cike da ƙasa. Bangon da ake gani ba shi da ta cewa a kansa, abin da ke ƙarƙashi yake so ya sani, zurfin harsashi, kaurin rodi, ko an kafa turaku kafin a zuba kankare. Ba zane, ba hoto. 'Ya'yan Pak Long sun ce su dai sun ɗauki bokiti, ba su san awo ba. Duk abin yana kan mutum ɗaya. Aka sa rana tsohon zai zagaya da injiniya ya nuna masa kusurwa-kusurwa, don a san inda za a tona kaɗan a tabbatar. Kafin ranar ta zo, Pak Long ya faɗi a masallacin unguwarsu bayan sallar Azahar. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Da ya farfaɗo, duk maganar duniya ta tafi, kalma ɗaya aka bar masa, Allah.

To, ranar da na lissafa muku mutanenta ke nan. Wa'adi ya kusa cika. Aka ɗauko shi daga asibiti aka kawo shi barandarsa, ko Allah zai sa ganin gidan ya buɗe masa baki. Mista Tan ya durƙusa a gaban keken, ban taɓa ganin mai digiri ya durƙusa haka ba, yana tambaya a hankali da harshensu. Ya nuna ƙasa, ya nuna gwiwarsa, ya nuna ƙugunsa, ya ɗaga hannu sama da kansa, wato zurfin ya kai ina? Pak Long yana kallonsa, idonsa tar, ya san amsar. Wallahi ya sani, na gani a idonsa. Ya buɗa baki, jijiyoyin wuyansa suka tashi, yawu ya zubo, abin da ya fito shi ne Allah, Allah. Aka ba shi biro a hannun hagu, ya ja wani layi a karkace ya faɗi. Aka ce ya ɗaga yatsu, ya ɗaga biyu, ya ɗaga huɗu, ya dunƙule hannun ya buga a cinyarsa. Mak Long tana share masa baki da gefen mayafinta.

Mista Tan ya miƙe ya ce saura hanya ɗaya. A fasa daɓen baranda da na ɗakuna a kowace kusurwa a tona har a ga ƙarshen harsashi, a huda ginshiƙai a ciro kankare a kai gwaji. Kuɗin aikin zai cinye 'yar saurar da ta rage mini ta Kurna. Dama an faɗa mini za a iya kaiwa ga haka, tun a mota na riga na ce na yarda. Ya yi wa leburorinsa alama, ɗaya ya jawo injin fasa siminti ya kafa bakinsa a gindin babban ginshiƙin nan, ya kunna.

Na ji kukan mutane a rayuwata, na yi wankan gawa ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa jin irin sautin da ya fito daga bakin tsohon nan ba. Ya fi ƙarar injin. Ya jefa jikinsa gaba har keken ya kusa kifewa, ya rungume ginshiƙin da hannunsa mai rai, ya manna fuskarsa a jiki. Leburan ya tsorata ya saki injin. Tayil ɗaya ya riga ya fashe. Mak Long ta rufe fuska, ina za ta samu bakin cewa a bari, kuɗinmu yana cikin jininta. Dakta yana kallon ƙasa, ba zai iya cewa a ci gaba a gaban surukinsa ba, ba zai iya cewa a tsaya a gabana ba. Malam Bashir ya juya baya yana kallon kaji. Mamanku ce ta zo ta durƙusa ta kama hannuna tana kuka.

"Hajiya, mu kai shi asibiti. Gobe Pak Long ba ya nan, mu yi. Ba zai gani ba."

Ita da kuke jin an ce danginta sun cuce ni, ita ce ta ce a fasa gidan wanda ya rene ta don a ceci nawa. Ku riƙe wannan.

Na ce ta tambayar mini injiniya, in ya farfasa ko'ina ya tona ya huda, zai sa hannu? Ya ba da amsa, kuma na gode masa da bai yi mini ƙarya ba. Ya ce zai sa hannu a kan abin da idonsa ya gani kaɗai. Zai yiwu ya isa, zai yiwu bai isa ba. Ko ya isa, masu inshora ne da maganar ƙarshe, kuma ba kasafai suke tsaya wa ginin da ba su ga tashinsa ba. Sakamakon gwajin ma da wuya ya fito kafin wa'adi.

Kowa ya zuba mini ido. Na dubi ƙofar ɗakin nan na kusa da kicin, a buɗe take, rana ta shiga har rabin ɗakin. Na dubi tsohon, har yanzu bai saki ginshiƙin ba.

"A kwashe injin," na ce.

"Hajiya," in ji Dakta, "gidanki fa."

"Na san gidana ne, ba kai za ka tuna mini ba."

"In aka tsaya a nan shi ke nan."

"Na ji. Ke kuma 'yar nan tashi. Mutumin da ya ciyar da ke za a rusa wa gida a bayan idonsa, ya dawo ya gani ba bakin tambaya? A kan wataƙila?"

Kada ku ɗauka na ji wani sanyi a raina don na yi abin kirki. Ban ji ba. Abin da na ji kamar an zare mini ƙashin baya. Na auna ne kawai na ga ko an fasa ko ba a fasa ba ni dai na riga na rasa, bambancin shi ne ko tsohon zai mutu da gidansa a tsaye. Aka naɗe wayar injin. Mak Long ta zo ta kama hannuwana biyu ta kai goshinta, na bar mata su. Muka koma Setapak. Muka shiga lif, na ji tana ɗaga ni sama kamar kullum.

Abin da ya biyo baya kun san wasu, ga sauran. Wa'adi ya cika. Pak Long bai ƙara shekara ba. 'Ya'yansa suka nemi mai saye, duk wanda ya zo da banki a bayansa ya koma yadda muka koma, sai wani mai kuɗi a hannu ya taya kuɗin fili kawai, suka sallama don bashin asibiti ya kai musu wuya. Ya rushe gidan. Ban je na gani ba, don haka ba zan ce muku ga abin da aka samu a ƙarƙashi ba, har yau ban san zurfin harsashin nan ba. Bayan ta fita takaba Mak Long ta hau benen nan da ciwonta ta kawo mini abin da ta iya tarawa, alhali doka ba ta ce ta ba ni ko sisi ba. Na karɓa don kada in kunyata ta. Na sa aka tambaya mini a Kano, aka ce yanzu ko zauren gidana ba zai saya ba. Wanda ya sayi Kurna ya cike rijiyar ya fitar da shaguna. Babanku kuwa tun daga ranar bai ƙara haɗa ido da ni ba, furfurar da kuke tsokanarsa da ita ta wannan shekarar ce. Ba wanda ya ci amanar wani. Na juya maganar ta kowane gefe ina neman wanda zan tsine wa ko zan samu sauƙi, ban samu ba.

Amma na tsallake washegarin ranar da aka kwashe injin. Da gari ya waye, bayan kun tafi makaranta, na yi wanka na sa zanina mai kyau na ce mamanku ta raka ni ƙasa. Ta ɗauka asibiti za mu, na ce a'a, masallacin gindin bene. Kun san suna da asusun jana'iza, kowane gida yana zuba ɗan abu a shekara, in mutum ya rasu su suke wanka da likkafani da mota da kabari. Tun zuwana matan masallacin suke yi mini maganar, ina ce musu su bar shi, ni ba a nan za a binne ni ba, ina da wuri kusa da Malam. Mai kula da asusun yana share farfajiya, ya ajiye tsintsiya ya ɗauko biro. Ya tambayi suna, na ce Rakiya, na maimaita masa har ya iya. Sai ya tambayi adireshin gida. Mamanku ta juyo ta dube ni. Na ce ta ba shi na benen.